Mehboob Khan da shekaru talatin ɗin da suka haifi Mother India

Duk wanda ya taso a Kano lokacin da gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba ke cika suna batsewa, da wuya a ce bai kalli Mother India ba, ko aƙalla bai ji manya suna ba da labarinsa ba. Hoton matar nan da ta saɓa garma a kafaɗa ya zauna a zukatan mutane, har waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Amma in ka tambayi wa ya ba da umarnin fim ɗin, kaɗan ne za su ce maka Mehboob Khan. An riƙe sunan Nargis da Sunil Dutt, an manta da mutumin da ya tsaya bayan kyamara. Kuma fim ɗin nan ba sa'a ce ta faɗo masa rana ɗaya ba. Shekara talatin ya yi yana tara abin da ya yi shi da shi: sanin aiki, ma'aikata amintattu, kamfani nasa na kansa, da filin ɗaukar fim da ba wanda zai ce masa lokacinsa ya ƙare.

An haife shi ranar 9 ga Satumba 1907 a Bilimora, cikin yankin Gujarat. Bai yi karatun boko mai zurfi ba. Yana matashi ya bar gida ya nufi Bombay, garin da yanzu ake kira Mumbai, inda ya fara da aikin gyaran takalman dawakai a wani barga. Daga nan ya samu shiga kamfanin Imperial na Ardeshir Irani a matsayin ɗan cikon benci. A fim ɗin Ali Baba na 1927, tun fim bai fara magana ba, yana cikin ɓarayi arba'in ɗin nan. Da Irani zai yi Alam Ara a 1931, fim na farko mai magana a Indiya, an so a ba Mehboob matsayin jarumi, sai aka fasa aka ɗauki Master Vithal wanda ya riga ya yi suna. Da ya samu wannan matsayi, wataƙila da ya ƙare a ɗan wasa matsakaici. Rashin samun ne ya karkatar da shi zuwa bayan kyamara.

Fim ɗinsa na farko a matsayin darakta shi ne Al Hilal, a 1935, ƙarƙashin kamfanin Sagar Movietone. A nan ya haɗu da Faredoon Irani, mai ɗaukar hoton da ya zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wancan zamani darakta ba ya ganin abin da aka ɗauka nan take kamar yadda ake gani a allo yau. Sai an kai zaren fim ɗakin wanki an wanke, an buga kwafin gwaji, sannan a zauna a duba, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko fiye. In haske ya yi yawa ko ya gaza, in fuskar jaruma ta fita daga saiti, ba za a sani ba sai an riga an tashi daga wurin. Saboda haka daraktan da ke da mai kyamarar da ya san abin da yake so tun kafin ya buɗe baki, ya rage wa kansa rabin asara. Haka ya yi da kiɗa: Anil Biswas ne ya yi masa a shekarun farko, daga Anmol Ghadi na 1946 kuma Naushad ya karɓa bai sake saki ba. A rubutun zance yana da Wajahat Mirza da S. Ali Raza, masu Urdu a baki. Mutumin da bai yi nisa a karatu ba ya san inda ƙarfinsa ya tsaya, ya nemo masu alƙalami ya riƙe su da kyau, shi kuma ya tsaya kan abin da ya fi kowa iyawa, wato gane abin da zai taɓa zuciyar talakan da ya sayi tikitin kujerar gaba.

A kamfanin National Studios ya yi finafinai uku da suka nuna inda hankalinsa yake: Aurat a 1940, Bahen a 1941, Roti a 1942. Roti labarin kwaɗayin dukiya ne, wanda ya ƙare da attajiri yana mutuwa da ƙishirwa a hamada ga zinariya jibge a motarsa. Aurat kuwa shi ne Mother India na farko, baƙi da fari, da Sardar Akhtar a matsayin uwar, wadda daga baya ta zama matarsa.

Lokacin da ya kafa Mehboob Productions, a farkon shekarun 1940, harkar fim a Indiya tana sauya fata. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu manyan kamfanoni irin su Bombay Talkies da Prabhat da New Theatres ne ke riƙe da komai, 'yan wasa da mawaƙa da masu kyamara duk ma'aikatan albashin wata ne. Yaƙi ya kawo sababbin masu kuɗi da suka samu ƙazamar riba, suka shigo suna zawarcin jarumai da kuɗin da kamfani ba zai iya biya ba. Jarumi ya zama mai zaman kansa, yana karɓar finafinai da yawa a lokaci guda, yana raba wa kowa 'yan kwanaki. Furodusa kuma ya koma neman kuɗi wajen masu rarraba fim, waɗanda suka kasa ƙasar yanki-yanki, kowa ya ba da kafin alƙalami a kan yankinsa. Wanda ya ba da kuɗi kuwa sai ya sa baki a labari. Mehboob ya ga cewa in yana so ya yi fim yadda yake so, dole kamfanin ya zama nasa. Tambarin da ya zaɓa guduma da lauje ne, alamar ma'aikaci da manomi, amma muryar da ke tashi tare da tambarin cewa take yi, ko maƙiyi ya nufe ka da sharri iya son ransa, abin da Allah ya so shi ke faruwa. Mutane sun daɗe suna ganin saɓani a nan. A wurinsa babu: Musulmi ne mai riƙo da addini wanda ya san yunwa da kansa.

Najma da Taqdeer sun fito a 1943. A Taqdeer ne ya ba Nargis matsayin jaruma tana 'yar shekara 14. Anmol Ghadi ya haɗa Noor Jehan da Suraiya da Surendra, dukkansu masu rera waƙa da bakinsu. Da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a 1947, Noor Jehan ta koma Pakistan tare da ɗimbin Musulmin da ke harkar, shi ya zauna. Andaz na 1949 ya haɗa Dilip Kumar da Raj Kapoor da Nargis, kuma shi ne fim ɗaya tilo da mazan biyu suka fito tare. Labarin mace ɗaya tsakanin maza biyu, wanda daga baya ya zama abincin yau da kullum a finafinan Indiya, har ya tsallako zuwa finafinan Hausa, a nan ya samu siffar da aka san shi da ita. Akwai wani abu a Andaz da ke nuna cewa a lokacin ba a gama daidaita wace murya ce ta wane jarumi ba: Mukesh ne ya yi wa Dilip Kumar waƙa, Mohammed Rafi kuma ya yi wa Raj Kapoor, akasin yadda aka saba ji daga baya.

Sai maganar launi, inda ya nuna cewa ya san lissafi. Tsarin Technicolor na asali yana buƙatar wata ƙatuwar kyamara da ke jan zaren fim uku lokaci guda, kowanne yana ɗaukar kashi ɗaya na launi. Kyamarar haya ake yi daga kamfanin, tare da ma'aikatansa, kuma tana cin haske mai yawan gaske. Sohrab Modi ya bi wannan hanya mai tsada a Jhansi Ki Rani na 1953, ya kawo ƙwararru daga waje, fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba. Mehboob, a Aan na 1952, ya bi ta gajeriyar hanya. Ya ɗauki fim ɗin a ƙaramin zare mai launi na milimita 16, sannan aka kai Landan aka faɗaɗa shi zuwa milimita 35 aka buga kwafi da Technicolor. Ribar ita ce kyamara mara nauyi, wadda za a iya bin doki da ita a fili, da kuɗi kaɗan. Asarar kuma a hoton take: kowane gurbin hoto na milimita 16 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na girman na 35 ba, don haka in aka faɗaɗa shi, duk wani ɗigo-ɗigo da ke jikin zaren sai ya girma tare da hoton, kaifin ya ragu. Maganin shi ne haske mai ƙarfi, tufafi masu launi bayyananne, da kauce wa wurare masu duhu. Wanda ya kalli Aan da wannan a ransa zai gane dalilin da ja da rawaya da shuɗi suka yi ta ihu a kowane fage.

Aan ya kuma nuna iyakar 'yancin da ya samu. Da masu rarraba fim suka ga aikin, sai suka ce jaruma Nimmi ta mutu da wuri a labarin, alhali ita ce sunan da jama'a suka sani, tunda ɗaya jarumar, Nadira, sabuwa ce. Dole aka ƙara dogon fagen mafarki domin a sake ganinta. Fim ɗin ya ci kasuwa har a ƙetare. A Faransa an sa masa sunan Mangala, sunan da Nimmi ta fito da shi. Naushad kuma ya tara makaɗa kusan ɗari don kiɗansa, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Da ƙarfin da ya samu ya kammala Mehboob Studios a unguwar Bandra a 1954. A shekarar ne kuma ya sha ƙasa da Amar, inda Dilip Kumar ya fito a lauya mai mutunci wanda ya keta haddin wata 'yar ƙauye alhali yana da alkawarin aure da wata. A ganina fim ne da ya fi ƙarfin hali fiye da yabon da aka yi masa, amma 'yan kallo ba su yarda su ga jaruminsu da wannan laifi ba. Bayan wannan faɗuwa ne ya koma kan labarin da ya riga ya sani ciki da bai, wato Aurat.

Ginshiƙin labarin Mother India bashi ne, kuma an gina shi da lissafin da kowane manomi zai gane. Uwar miji ta ranci rupi 500 wajen mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don bikin auren ɗanta Shamu da Radha. Ba wanda ya iya karatu a gidan, abin da aka faɗa da baki daban, abin da ke takarda daban. Da rigima ta kai gaban dattawan gari, suka bi takarda: kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na mai bashi ne, a matsayin kuɗin ruwa kawai. Wato in an samu buhu 40, ya kwashi 30, uwar kuɗi kuma tana nan ba ta motsa ba. Buhu goman da suka rage ba za su ciyar da gida har wata kaka ba, balle a rage a biya rupi 500. Daga nan kowane mataki yana jawo na gaba. Shamu ya shiga sharar wata gona mai duwatsu don ya samu amfanin da ba na mai bashi ba, dutse ya murƙushe masa hannaye, kunya ta kore shi daga gida. Shanu suka tafi, awarwaron auren Radha suka tafi jingina, ambaliya ta cinye abin da ya rage. Wanda ya san jinginar gona, ko cin bashi da bazara a biya da hatsi lokacin kaka, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ina ganin a nan ne babban dalilin karɓuwar fim ɗin a ƙasar Hausa yake, tun lokacin da 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da finafinan Indiya ba tare da fassara ba. Kanhaiyalal, wanda ya yi Sukhilala a Aurat, shi aka sake kira bayan shekara 17 ya maimaita, kuma muguntarsa ta fi ban tsoro saboda cikin raha da lallami yake yin ta.

Abin da Mehboob ya ƙara wanda babu a Aurat shi ne maganar gina ƙasa. Fim ɗin ya buɗe da motocin noma da aikin tona hanyar ruwa, ana roƙon tsohuwa Radha ta buɗe wa gari ruwan, sannan labari ya koma baya. Zamanin Nehru ne, firaministan Indiya na farko, zamanin manyan madatsun ruwa, a watan Janairun 1957 ma aka buɗe ta Hirakud. Sunan fim ɗin kansa martani ne ga littafin da Ba'amurkiya Katherine Mayo ta fitar a 1927 da wannan suna, wanda ya zubar da mutuncin Indiyawa, musamman a kan yadda suke riƙe mata.

Zaɓen 'yan wasa ya zo da tasa matsalar. An yi tunanin Dilip Kumar a matsayin Birju, ɗan da ya kangare, amma jama'a sun saba ganinsa masoyin Nargis, wadda aka ba matsayin Radha, ba za su karɓe shi a ɗanta ba. Aka ɗauki Sunil Dutt, wanda bai yi suna ba tukuna. Shi da Nargis shekararsu ɗaya, dukkansu haihuwar watan Yunin 1929 ne. Tana da ƙasa da shekara 30 ta ɗauki mace daga amarci har tsufa, da kwalliyar fuska da furfurar roba da sauya tafiya da murya. Raaj Kumar ya yi Shamu, Rajendra Kumar ya yi Ramu, ɗan da ya yi haƙuri, yaro Sajid Khan kuma ya yi Birju yana ƙarami.

An ɗauki fim ɗin a zare mai launi na Gevacolor, milimita 35, aka buga kwafinsa da Technicolor. Tsawonsa minti 172, kuma tunda zaren 35 yana tafiyar ƙafa 90 a minti ɗaya, abin da ya isa allo ya haura ƙafa 15,000, ban da ninkin-ba-ninkin da aka ɗauka aka zubar wajen tacewa. An yi aiki a ƙauyukan Gujarat da Maharashtra da Uttar Pradesh, saura kuma a filinsa na Bandra. Fim ɗin da ke nuna huɗa da shuka da girbi dole ya bi damina da kaka yadda suke zuwa, ba a hanzarta gero ko alkama su nuna don darakta yana sauri. Wannan na cikin abin da ya ja aikin tun daga 1955 har 1957, ya kuma sa kuɗin ya zarce abin da aka tsara. Wasu hotunan ambaliyar ma na gaske ne, Faredoon Irani ya je ya ɗauko su inda ruwa ya yi ɓarna a Uttar Pradesh.

Waƙoƙi 12 ne, Naushad ya yi kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta, Lata Mangeshkar da Shamshad Begum da Rafi da Manna Dey suka rera. Yadda ake yi shi ne a fara naɗar waƙar gaba ɗaya, mawaƙi da makaɗa a ɗaki guda, in mutum ɗaya ya kuskure a koma farko. A wurin ɗauka sai a saki waƙar ta lasifika, a ɗauke ta gunduwa-gunduwa, 'yan wasa suna bin baki. In saurin na'urar da ke sakin waƙar ya saɓa da na kyamara, wadda ke ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa, baki da murya ba za su haɗu ba a allo. Mehboob yana sa waƙa ta yi aikin labari. A cikin waƙa ɗaya ake ganin Radha tana jan garma da 'ya'yanta ƙanana, kafin a ankara kuma sun zama samari, shekaru sun wuce ba tare da an ɓata fage ko ɗaya ba.

Haɗarin da ya fi shahara ya faru ne a watan Maris 1957 a Umra, kusa da Surat. Fagen shi ne mutanen gari sun cinna wa tarin ciyawa wuta don su fito da Birju, uwarsa kuma ta kutsa tana nemansa. Wutar gaske ce, busasshiyar ciyawa ce, kuma in ta ƙone ba a sake ɗauka sai an tara wata. An tsara hanyar da Nargis za ta bi bisa inda iska ke kaɗawa. Iska ta juya, wuta ta rufe hanyar. Sunil Dutt ya shiga da bargo ya fito da ita, ya ƙone sosai, ita ta yi jinyarsa. Soyayyarsu ta faro daga nan, abin da ya tayar wa Mehboob da hankali, domin in labari ya bazu cewa uwa da ɗa na fim za su yi aure, zai iya kashe kasuwar. Sai bayan fim ya fita suka yi aure, ranar 11 ga Maris 1958.

An saki fim ɗin ranar 25 ga Oktoba 1957, lokacin bikin Diwali. Ya ci kyaututtukan Filmfare biyar, ciki har da na gwarzon fim da darakta da jaruma da mai ɗaukar hoto. Nargis ta ci kyautar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary, a ƙasar Czechoslovakia ta lokacin, a 1958. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin harsunan waje, inda fim ɗin darakta Fellini na Italiya ya yi nasara.

Akwai tambayar da fim ɗin ya bari wadda ba ta da sauƙi. Birju ne kaɗai ya ƙi yarda da zaluncin, shi ne ya nemi a nuna masa littafin bashin, shi ne ya dawo da awarwaron uwarsa. Amma da ya kashe Sukhilala ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta, uwarsa ce ta ɗaga bindiga ta harbe shi, saboda ta yi alkawarin ba za a taɓa mutuncin 'yar kowa a garin ba. Wasu na ganin fim ɗin ya ce wa talaka ya yi haƙuri har gwamnati ta kawo ruwa. Ban ga haka gaba ɗaya ba. Mehboob ya ba Birju duk zafin fim ɗin da mafi yawan gaskiyarsa, kuma da aka buɗe hanyar ruwan a ƙarshe, Radha ta ga ruwan ya fara kwarara ja kamar jini. Daraktan da ke son ya ce komai ya daidaita ba zai zaɓi wannan hoton ba. Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne tsawon barkwancin tsakiyarsa, da baƙin shafin da aka yi wa fuskar Sunil Dutt, wanda a yau yake tsaya wa mai kallo a rai.

Tsarin da ya ɗaga shi shi ne ya kayar da shi. Tunda kamfani nasa ne, fili nasa ne, ba mai ce masa a'a, kuma asara in ta zo a kansa take sauka shi kaɗai. Ya ɗauki Sajid Khan ya riƙe kamar ɗansa, ya gina fim na gaba, Son of India na 1962, a kan yaron, ba tare da wani babban jarumi da zai ja jama'a ba. Waƙoƙin Naushad sun karɓu, fim ɗin bai karɓu ba, ya bar shi da bashi. Bai sake kammala wani ba. Ya rasu ranar 28 ga Mayu 1964, kwana ɗaya bayan rasuwar Nehru, yana da shekara 56, aka binne shi a Bombay. Filin da ya gina a Bandra ya ci gaba a hannun iyalinsa, kuma har yau ana hayarsa ana ɗaukar fim.